Baduku a Los Angeles, da safar hannun masu son zama Fernando

Duk wanda ya san gabashin Los Angeles ya san unguwa ce ta mutanen Meziko, kuma a nan shagona yake, ɗan ƙarami ne amma Alhamdulillahi ba a rasa aiki. Sana'ata gyaran safar hannu ta fata ce wadda 'yan wasan baseball ke kama ƙwallo da ita, in sake mata igiya, in gyara aljihunta, in dawo mata da laushi in ta bushe ta ƙandare. Mutanen gida in na faɗa musu sai su ce to kai ina ka san wannan wasa, ai ni fata na sani, kuma fata ko a ina fata ce.

Rabin kwastomomina dalilin mutum ɗaya suke zuwa, Fernando Valenzuela, shahararren mai jifan ƙwallo bahago ɗan Meziko. Uba zai shigo da yaronsa bahago ya ce maestro, wannan shi ne Fernando na gaba, a gyara masa safa. A bakinsu na haddace tarihin mutumin. An haife shi 1 ga Nuwamba 1960 a wani ƙauye Etchohuaquila kusa da Navojoa a jihar Sonora, shi ne auta cikin 'ya'ya 12, iyayensa manoma. Kulob ɗin Dodgers ya ɗauko shi a 1979 bayan Mike Brito ya gano shi, kuma a hannun Bobby Castillo ya koyi jifan nan da ake kira screwball, wanda ƙwallo ke karkata ta ɓangaren da mai duka, wato mai dukan ƙwallon da sanda, bai zata ba. A 1981 aka ba shi wasan buɗe kaka don Jerry Reuss da aka shirya zai yi jifan ya ji ciwo, Fernando ya hana Houston Astros cin ko ɗaya, aka tashi 2-0, ya ci wasanni 8 na farko a jere, 5 daga ciki ba a ci shi ko maki ɗaya ba, yaro ɗan shekara 20! A shekarar ya haɗa kyautar sabon ɗan wasa da ta Cy Young, wato ta gwanin masu jifa, har yau babu wanda ya sake haɗa su a kaka ɗaya, kuma Dodgers suka doke Yankees suka ɗau kofi. Dattawan unguwar nan suna gaya min da yawansu sun ƙi taka filin Dodgers saboda iyalan Meziko da aka tasa daga Chavez Ravine, wurin da filin yake, kafin a gina shi, El Toro, wato laƙabin Fernando, shi ne ya sa suka fara shiga.

To abin da mutane ba su gane ba, safar mai jifa daban take da ta sauran 'yan fili. Shi mai jifa a cikin safar yake ɓoye yadda ya riƙe ƙwallon, in akwai ko ɗan rami tsakanin babban yatsa da manuni mai duka zai hango yatsunsa ya san abin da ke tafe, shi ya sa ake mata saƙa rufaffiya kamar ta kwando, igiya bisa igiya ba ƙofa. Wannan saƙar ita ce inda ake gane gwani. Sai ka ja igiyar daidai, in ta yi tsauri safar ba za ta rufe ba, in ta yi sako-sako aljihun zai zube cikin wata guda, kuma ba awo ake yi ba, yatsa ne ke ji. Doka ma ta hana mai jifa sa safa fara ko ruwan toka don kar ta rikita idon mai duka, saboda haka in yaro ya zo yana son farar igiya don ado sai in ce a'a ɗana, alƙalin wasa zai sa ka cire ta. Ga kuma matsalar bahagwai, su a hannun dama suke sa safa, komai nata a juye yake, kantuna ba su cika ajiye ta ba, shi ya sa uba ya gwammace a gyara tsohuwa sau uku da ya shiga neman sabuwa.

Wannan jin na yatsa a Kano na same shi, a gaban Kawu, baduku ne na gado. Ina yaro aikina kenan in yanka igiyar fata siririya da aska, tsawonta kamu da yawa ba tare da ta yi kauri a wani wuri ta sirance a wani ba, in ta karkace ya jefo min ita ya ce sake. Shi ya koya min shinshina fata in gane jimar bagaruwa ce ko ta kemikal, ya koya min a huda da basilla ta gefen da fata ke so ba ta inda kai kake so ba. Mukan je Kofar Wambai sayen kaya, ya tsaya yana murza kirgi tsakanin yatsu kusan rabin sa'a kafin ya taya. Allah ya jiƙan Kawu, bai taɓa ganin wasan baseball ba amma duk safar da ta fita daga shagon nan hannunsa na ciki.

Abin da ke ƙona min rai shi ne safar roba da ake sayarwa a intanet, an buga mata tambari kamar Rawlings ko Wilson, kana taɓawa ka ji leda ce aka shafa wa fenti. Sai mutum ya kawo min ita igiya ta tsinke ya ce in gyara, ina sa allura ramin ya yage, me zan ɗinka a jikin leda? Kuma shi ne zai tsaya yana ciniki wai ai sabuwa ma ba ta kai kuɗin gyaran ba. Eh ba ta kai ba, don ba fata ba ce. Haka wani dila da na daɗe ina sayen igiya a wurinsa, ya fara cusa min busasshiya a tsakiyar ƙunshi, ta waje mai kyau ta ciki kana lanƙwasawa tana tsagewa, na bar shi, yanzu daga León ta jihar Guanajuato ake kawo min, garin masu jima ne sosai, kuma duk da haka sai na ja kowace igiya da hannu kafin ta shiga aiki. Masu sa safa a oven ko su jiƙa ta da man girki wai ta yi laushi da wuri kuwa, don Allah ku daina, mai kaɗan ake shafawa da tsumma, a daka aljihun da guduma ta katako, sauran kuma wasa ne zai gyara.

Fernando ya yi shekaru 17 a manyan wasanni, ya ci 173, a 1986 kaɗai ya ci 21 kuma ya kammala wasa 20 da kansa ba canji, abin da masu jifan yanzu ba sa ko mafarkinsa, sannan 29 ga Yuni 1990 ya hana St. Louis Cardinals dukan kirki ko ɗaya. Dodgers sun jingine lambarsa 34 a Agustan 2023, ya rasu 22 ga Oktoba 2024 yana da shekara 63. Tun daga lokacin aikin da ya fi yawa a shagon shi ne tsoffin safofi na shekarun 1980 da mutane ke tonowa daga gareji, wasu sun bushe har sun yi baƙi, suna so a farfaɗo da su a ɗinka 34 a gefe da shuɗin zare. Irin waɗannan ba na gaggawa da su, fatar da ta shekara 40 sai an bi ta a hankali, wani lokaci mako biyu tana shan mai kafin in sa mata allura. Wanda ke da irinta ya kawo, amma ya zo da haƙuri, kuma kar ya wanke ta da sabulu kafin ya zo.