Yadda Hannun Baba Ya Sake Koyon Aiki

A gidajenmu na Garwa, idan dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki, abin da muka iya shi ne hidima: a ba shi abinci a baki, a sa masa riga, a riƙe masa buta. Haka muka tashi yi wa Baba da hawan jini ya kayar da shi, hannun dama ya saki, ƙafa tana ja. Likitan gashi da motsa gaɓɓai da aka tura mu wajensa ne ya taka mana birki. Ya ce: "Alhaji, hannunka lafiya lau yake. Ciwon yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, can za mu yi aiki."

Tunda ni ne mai jinya, na dage da tambaya da karatu. A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Umarnin motsi daga samanta yake fitowa, ya tsallaka ɗaya gefen a gindinta, ya bi laka zuwa tsoka, shi ya sa ciwon hagu ke kama dama. Ƙwayoyin da jini ya yanke musu har suka mutu sun tafi ke nan, amma na kusa da su suna iya ƙulla sabuwar alaƙa su ɗauki wani abu daga aikin. Tun 1949 wani masani mai suna Donald Hebb ya kawo ra'ayin cewa mahaɗar da ake yawan aiki da ita ƙarfi take ƙarawa. Kamar burtali ne: in shanu na bi ya fito fili, in sun daina ciyawa ta cinye shi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne gwajin da wani mai bincike, Randolph Nudo, ya wallafa a 1996 a Amurka. Biran da aka bari ba horo bayan ɗan rauni a ƙwaƙwalwa, yankin da ke kula da hannu sai ya ƙara tsukewa, har a wurin da ciwon bai taɓa ba. Waɗanda aka sa su ɗaukar ƙwayar abinci da yatsu kullum, yankin nasu bai tsuke ba. Wani masanin, Edward Taub, shi ma ya nuna cewa in hannu ya gaza sau da yawa, mai shi yakan koyi barinsa, ko da ƙarfi ya fara dawowa. Wato tausayinmu kansa yana iya koya wa ƙwaƙwalwa ta yafe hannun.

Da wuyan hannu da yatsu suka fara ɗan motsi, likita ya yarda mu riƙa sa wa hannun hagu safa na wasu sa'o'i don a tilasta wa na dama aiki, amma sai Baba yana zaune, don gudun faɗuwa. Da sassafe muke farawa, kafin zafin Garwa ya taso. Kwano biyu, ɗaya da wake, ɗaya babu komai. Sai ka ga babban yatsa na karkarwa, ya ture ƙwayar, ta gudu, ya sake bi, gumi na zuba ta ƙarƙashin hula. Inna ta sha leƙowa ta ce: "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ka bar mahaifinka ya huta." Baba ne ke amsa mata: "Ƙyale shi, Hajiya, da dama nake so in ci tuwo."

Waken ya gundure shi da wuri, carbi kuwa ko kaɗan. Nan na gane cewa aikin da mutum ke so shi yake maimaitawa ba tare da an matsa masa ba, kuma maimaicin ne maganin. Na lura duk ranar da ya samu barci sosai, washegari yatsun sun fi jin magana. Abu ɗaya da likita ya hana mu da kakkausar murya shi ne ɗaga Baba ta hanyar jan wannan hannun, domin kafaɗar da ta saki saurin gocewa take.

A watanni ukun farko sauƙin ya fi sauri, daga nan ya koma kaɗan-kaɗan, yadda aka gaya mana tun farko. Yanzu da dama yake kai loma, shi yake alwalarsa, maganin hawan jini kuma ba ya fashi. Rubutu ne bai dawo ba tukuna. Mun naɗa wa biro tsumma don ya yi kauri a hannu, yana jan manyan baƙaƙe bayan la'asar, kuma likita ya ce mu ci gaba a haka har zuwa ganinmu na gaba.