Hoton da rana ta ɗaukar mini ba tare da kyamara ba

Hotunan Anna Atkins, masaniyar tsirrai 'yar Ingila, ne suka ja ni cikin wannan aiki. A 1843 ta fara shimfiɗa ciyayin teku a kan takarda mai sinadari tana kai wa rana, sai ga siffarsu fara tas a kan shuɗi. Dabarar, wadda ake kira sayanotayif, John Herschel ne ya gano ta a 1842, masanin taurari ɗan Ingila. Daga baya masu zanen gine-gine suka daɗe suna kwafar taswirar gini da ita.

Sinadarai biyu ake haɗawa: na narkar da giram 25 na ferik amoniyam sitiret a ruwa mililita 100, giram 10 na fotasiyam ferisayanayid a wani 100, na haɗa su daidai wa daida a ɗaki mai ɗan duhu. Na shafa wa takarda da burushi, ta bushe kore-kore, launin da ba zai taɓa sa ka tunanin shuɗi ba.

Gwajin farko ya lalace. Na ɗora ganye haka kawai, iska ta yi ta ɗaga gefensa, hoton ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. A na biyu na danne da gilashi, amma gajen haƙuri ya sa na ɗauke bayan minti 3, ruwa ya tafi da kusan komai. Sai a na huɗu na gane cewa takardar ce ke faɗin lokaci: idan ta bar kore ta koma ruwan toka mai duhu, kamar ta ƙone, to ta nuna. Ranar minti 15 ta ɗauka.

Wajen ɗauraya ne abin ya fi ba ni mamaki. Inda hasken ultrabayolet, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, ya taɓa, ƙarfen da ke cikin sinadarin ya rikiɗe zuwa wani launi da ake kira shuɗin Furushiya, wanda ba ya narkewa a ruwa. Inda ganye ya rufe kuwa, sinadarin ya wanke, farar takarda ta dawo. Ashe ba ruwan rana da kyan ganye ko launinsa, yawan hasken da ya ratsa shi kawai take rubutawa. Ganye mai kauri da na fi so ya ba ni farin tabo babu komai ciki. Wani busasshe da ƙwari suka ci, wanda na kusa jefarwa, shi ya fito da jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan, kafin in zaɓi abu sai na ɗaga shi saitin taga tukuna.

Na kuma yi asarar wani ƙyalle da na buga, don na wanke shi da sabulu. Shuɗin nan ba ya shiri da duk abin da ke da sinadarin alkali, irin su sabulu da kanwa, nan take ya koɗe ya koma rawaya-rawaya. Na tsoma shi a ruwan shayi mai kauri, hoton ya dawo, amma da launin ƙasa.