Tsakanin e.g. da i.e. akwai tazara

Ƙannena masu rubuta furojet da masu shirin kama aikin ofis, akwai wasu 'yan gajerun kalmomi da muke tsintowa a littattafan Turanci muna zubawa a takarda ba mu san aikinsu ba. Asalinsu ma ba Turanci ba ne. Latin ne, harshen tsohuwar daular Rum, wanda ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Turawan Ingila sun same su ta hanyar coci da kotu da jami'a, mu kuma muka gada a hannunsu.

Waɗanda suka fi kayar da mutane su ne e.g. da i.e. Na farko, exempli gratia, yana nufin "alal misali": ka ambaci kaɗan, akwai saura. Na biyu, id est, shi ne "wato": abin da ka ambata shi ke nan, babu ƙari. Ni na daɗe ina ɗaukarsu Ɗanjuma da Ɗanjummai. Sabon shigata aiki aka sa ni rubuta sanarwa cewa kowa ya zo da katin shaida, sai na bi ta da "i.e. katin zaɓe", alhali misali nake son bayarwa. Ranar tantancewa mai gadi ya dinga mayar da masu katin ɗan ƙasa da masu lasisin tuƙi, wasunsu daga ƙauye suka biya kuɗin mota. Ba laifinsa ba ne, abin da takarda ta ce ya bi. Kafin ka rubuta ɗayansu, karanta jimlar a ranka da Hausa, ka ji ko "misali" ne ya zauna ko "wato".

Sai etc., wato et cetera, "da sauransu". Wanda ya yi karatun zaure ya san irinsa, "ila akhirihi". Kalmar et ita ce "da", don haka mai rubuta "and etc." ya ce "da da sauransu". Kuma ita etc. ɗin, kayayyaki ake yi wa ita. Idan marubuta ne suka yi yawa sai a ce et al. Abin da ya fi muni shi ne ɗalibin da abu biyu kawai ya sani, ya liƙa etc. don a zaci da sauran magana a bakinsa. Malamai masu makin jarrabawa sun san wannan wayon tun kafin a haife ka.

A.m. da p.m. kuwa ma'anarsu kafin tsakar rana da bayanta. To ƙarfe 12 daidai fa? Ba kafin ba ce, ba bayan ba. An saba ɗaukar 12 p.m. a matsayin ta rana, amma idan taro kake kira, rubuta "12 na rana" ka huta.

A harkar kotu ne rashin sani ya fi tsada. Idan aka ɗage shari'a sine die, ba a sa ranar dawowa ba ke nan, kada ka yi sammako gobe. Umarnin ex parte kuwa an bayar da shi ne bayan sauraron ɓangare ɗaya kawai. Idan irinsa ya iso hannunka, kada ka sa shi ƙarƙashin katifa, nemi lauya a ranar.