Yadda ake ƙirga ƙuri'a a zaɓen majalisar Nauru

Jama'a, duk wanda ya bibiyi zaɓen majalisar Nauru zai ga lissafin da bai saba gani ba. Tsibiri ne a tekun Pasifik, faɗinsa murabba'in kilomita 21 kacal. Kujerun majalisa 19 ne, mazaɓu 8, wa'adi shekara 3. Mazaɓar Ubenide na da kujera 4, Meneng 3, sauran shida bibbiyu.

A can mai zaɓe yakan jera 'yan takarar mazaɓarsa dukkansu, 1, 2, 3, har na ƙarshe. Na farko ya samu maki ɗaya, na biyu rabi, na uku sulusi, na huɗu rubu'i, haka har ƙasa. Tsarin Dowdall ke nan, tun 1971 ake amfani da shi. Idan ka tsallake suna ɗaya, ƙuri'arka ta lalace.

A ce mutum 100 sun sa wani a farko, makinsa 100. Wani kuma mutum 250 suka sa shi na biyu, ya tashi da 125, ya wuce shi. Shi ya sa ɗan takara ba ya raina gidan abokin hamayya, ko lamba ta biyu ce zai roƙa. Ni dai ina ganin wannan ya fi rage gaba.

Matsalar tana cikin majalisar, domin ita ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikin 'ya'yanta. A 2010, lokacin kujeru 18 ne, aka yi kunnen doki tsakanin ɓangaren gwamnati da na hamayya, tara da tara, sai da aka yi zaɓe sau biyu a shekarar. Daga zaɓen 2013 aka ƙara kujera guda.