Abin da gonar kwakwa ta koya mini a Maleshiya

Kafin in tafi karatu Maleshiya, da bakina na sha maimaita zancen nan na majalisa: wai wurinmu suka zo suka ɗebi irin kwakwar manja, suka wuce mu. A zangon farko malaminmu ya kwance mini zani a kasuwa. Kwakwar dai 'yar Afirka ta Yamma ce, amma tun 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Java na Indonesiya, kuma a 1917 aka buɗe babbar gonarta ta farko a Maleshiya, a jihar Selangor. Na ja bakina na yi shiru.

Sai da aikin bincike ya kai ni Jengka, cikin jihar Pahang, na gane ashe ba iri ba ne maganar. Turawan Ingila sun raba mutane ne da sana'a: Tamilawa daga kudancin Indiya a gandun roba, 'yan Sin a ramin kuza, Malayawa kuma aka bar su ƙauye da shinkafa da talauci. A 1956, shekara guda kafin samun 'yanci, aka kafa hukumar FELDA. A wancan lokacin ita ke sare daji, ta yi hanya, ta gina gida da makaranta da masallaci, ta ba magidanci marar ƙasa wajen eka 10. Ba kyauta ba: bashi ne, ana cira daga amfanin gona har ya biya.

Wani dattijo da ake kira Pak Cik, wato kawu, ya kai ni gonarsa da asuba. Lauje ne ɗaure a kan doguwar gora; a saƙala, a fizga, curin 'ya'yan kwakwa ya faɗo tim. Na gwada ɗaga ɗaya, ya kusa kayar da ni. Abin da ya dame shi mota ce. In curin ya wuce kwana guda bai isa injin matsa ba, man ya fara lalacewa, farashi ya faɗi. Nan na fahimci dalilin da ya sa aka kafa injin a tsakiyar gonakin, aka ja hanya har bakin kowace gona. Wannan ba a ɗebo shi a buhu.

Amma na daina saurin yabo. Kusan duk Malayawa ne suka samu filayen. Jikokin Tamilawan nan da yawa, da aka sayar da gandayen roba, gefen birni suka koma ba ko taƙi. Shi kansa Pak Cik, eka 10 ba ta rabuwa tsakanin 'ya'ya shida, duk sun tafi Kuala Lumpur. Wanda ke riƙe masa laujen ran nan saurayi ne ɗan Indonesiya, da ya baro gonar shinkafar mahaifinsa a Lombok.