Ni da ƙungiyar masu shagunan layinmu a Bronx

Ni tela ne, a Fagge na koyi ɗinki tun ina ɗan yaro. Na shigo Niyok a 2011, na yi shekara huɗu ina aiki a ƙarƙashin wani Alhaji ɗan Maradi kafin na kama ɗan shagona a Bronx. Kuɗin kama shagon na adashi ne, mu goma sha biyu, zubin dala 500 duk wata, da kwasata ta zo na biya kuɗin ajiya da haya na sayi keke ɗaya na hannu, shikenan na buɗe. Banki bai san da ni ba nima ban san da shi ba. Kwastoma ya biya in sa a gwangwanin biskit, daga nan zan yi cefane, daga nan zan tura gida, daga nan zan sayi zare, kuma a lokacin wallahi gani nake ni ne mai wayo.

Ƙofa uku daga shagona akwai wata dattijuwa baƙar fatar Amurka mai shagon gyaran gashi, kowa Mama yake ce mata, ita ce shugabar ƙungiyar masu shagunan layin. Sau uku tana kawo min takardar gayyatar mitin ina karɓa da hannu biyu, tana fita in ɗora almakashi a kai. Na ɗauka kuɗi kawai suke so. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da ba daɗi, da yawanmu 'yan Afirka muna zuwa ƙasar nan da wani banzan girman kai a kan baƙaƙen fatar da muka tarar, har suna muke da shi da muke kiransu da shi a bayan idonsu, ba zan rubuta shi ba don yanzu kunyarsa nake ji.

Abin da ya kai ni mitin ɗin dole ce. A 2017 mai ginin ya aiko da sabuwar yarjejeniyar haya shafi kusan talatin, na kusa sa hannu, sai yaron Mama yace in kawo ta ranar Talata akwai lauya da ke zuwa kyauta. A ƙasan wani coci ake zaman, kujerun roba da kofi mai sanyi. Lauyar ta sa yatsa a kan wani layi tace ka san wannan na nufin duk ƙarin harajin ginin da aka yi kai za ka biya kaso a ciki? Ban sani ba. Ta rubuta wasiƙa, aka rage abin. Ina shirin tashi Mama ta riƙe min hannu tace, ɗana, in yau ka faɗi ka mutu, wace takarda ce za ta nuna wannan shagon ya taɓa cin riba? Na yi shiru.

Daga nan suka sa ni a gaba. Lambar haraji ta kasuwanci da ake kira EIN, ashe kyauta hukumar haraji ta IRS ke bayarwa a intanet cikin minti goma, alhali wani ɗan'uwanmu mai "ofis" dala 300 yake karɓa a hannun mutane ya cike musu, Allah ya shirye shi. Rajistar kamfani irin LLC dala 200 ce a jihar, sai dai akwai wata doka mai ban haushi da ta ce sai ka buga sanarwa a jarida biyu sati shida a jere, ita ce ma ta fi cin kuɗi. Na buɗe asusun shago daban da nawa, na fara yanka rasit, na sayi na'urar karɓar kati. Shekarar farko da na rubuta ribata ta gaskiya na ga abin da zan biya, kwana biyu ban ci abinci da daɗi ba. Alhaji ya yi min dariya har da hawaye, yace yaro ka kai kanka mahauta.

A wajen zaman nan ne na fara gane me ya sa waɗannan mutanen ba sa wasa da takarda. Wani tsoho mai shagon aski ya taɓa ba mu labarin yadda a shekarun 1930 aka zana taswirar birane aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, ma'ana kar a ba da bashi a nan, har ta kai mutanen Harlem, unguwar baƙaƙe a nan Niyok, suka kafa bankinsu na Carver a 1948 a kan titi na 125 saboda bankunan da ke karɓar ajiyarsu ba sa ba su rance. Dokar da ta tilasta wa bankuna su yi hulɗa da unguwannin da suke cin kuɗinsu sai 1977 aka yi ta. Ita kanta dabarar haɗa 'yan kasuwa baƙaƙe a ƙungiya ɗaya tun 1900 wani jagoran baƙaƙen Amurka, Booker T. Washington, ya fara ta a Boston. Wato inuwar da na zo na tarar ina hura hanci, wasu ne suka sha rana suka dasa bishiyar. Shi ma Alhaji yana da nasa labarin, yana cikin masu kasa kaya a titi na 125 lokacin da magajin gari Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe su a Oktoban 1994, kuma masallacin Malcolm Shabazz, na baƙaƙen Amurka, shi ya kula da kasuwar titi na 116 da aka mayar da su. Amma darasin da shi ya ɗauka daga abin shi ne kar ka yarda gwamnati ta san inda kake.

Sai ga 2020. Ranar 22 ga Maris aka rufe duk shagon da ba na dole ba, ga azumi na ƙaratowa, shaddoji da lesukan mutane jibge a kan tebur na ɗinkin sallar da ba za a yi ba. Gwamnati ta fito da bashin PPP na tallafa wa ƙananan kasuwanci lokacin korona wanda ake yafewa, dala biliyan 349, aka buɗe 3 ga Afrilu, kafin 16 ga wata ya ƙare ƙaf, masu akanta da tsohuwar hulɗa da banki sun kwashe. Daga baya wani bincike ya nuna tsakanin Fabrairu da Afrilu masu kasuwanci baƙaƙen fata da ke kan aiki sun ragu da kashi 41 cikin ɗari, na farare kuwa 17. Mu a layinmu ba sai an karanta mana ba, muna ganin ƙofofin.

A zagaye na biyu Mama ta haɗa mu da wata cibiyar ba da rance ta al'umma, irin waɗanda aka kafa don masu ƙaramin ƙarfi. Toh a nan fa aka yi ta. Mai aikin kansa, ribar da ya rubuta a harajin 2019 ake raba wa wata goma sha biyu a ninka sau biyu da rabi. Ni na rubuta 24,000, na samu 5,000. Alhaji da ya fi ni ciniki nesa ba kusa ba, 4,800 ya rubuta, dubu ɗaya ta fito masa. Ya kira ni a waya, yace Malam, wannan lissafin daidai ne kuwa? Nace Alhaji daidai ne. Ya daɗe bai ce komai ba sannan ya kashe. Wasu kuma ko fom ɗin ba su iya cikewa ba don babu abin da za su haɗa da shi. Akwai waɗanda suka ƙi saboda ruwan kashi ɗaya da ke kai in ba a yafe ba, wannan ban ja da kowa ba, ni dai nawa an yafe. Abin da ya riƙe ni kafin kuɗin su zo takunkumi ne, da aka wajabta sa shi a tsakiyar Afrilu ƙungiyar ta tattaro min oda daga coci-coci da masu kantin magani, na kwashe ƙyallayen atamfa na shekaru na ɗinke su tas.

Tun daga lokacin na zama tafintan ƙungiyar ba tare da an naɗa ni ba. Na ce musu in suna son mutanenmu su zo, su daina sa taro ranar Juma'a da rana, kuma saƙon murya a WhatsApp da Hausa ya fi takarda ɗari, suka ji. Mata masu kitso 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi suka fara leƙowa. Abin da ya fi shiga ransu rancen Kiva ne, wata ƙungiya mai tara wa masu ƙananan sana'o'i rance a intanet, don babu ruwa ko sisi, har dala 15,000, kuma sai mutanenka sun fara zuba maka ɗan abin da ya sawwaƙa kafin a buɗe wa duniya. Wata Hajiya tace au, ai adashi ne ya yi boko.

Na yi kuskure kuma babba. Muna da ɗan asusun juyawa da membobi ke zubawa, na tsaya wa wani ɗan garinmu ya karɓi 3,000 ba tare da an duba littafinsa ba, don kawai muna sahu ɗaya a masallaci kuma na san yayansa a Kwari. Wata uku ya biya, sai waya ta daina shiga. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi ciwo kenan. Na biya rabi daga aljihuna, kuma yanzu ko ƙanina ne sai ya kawo bayanin banki na wata shida.

Takardar shaidar birni ta kamfanonin tsiraru da mata ma na yi ta, wadda sai kana da aƙalla kashi 51 na kamfanin. Na zata ina karɓa kwangila za ta fara sallama. Shekara guda cur ko kira ɗaya. Aikin da ya zo daga baya, rigunan aiki guda 120 na wani gidan abinci, a wajen shan kofin mitin na same shi, mai askin nan ne ya ce da mutumin ga tela nan.

Watan jiya Alhaji ya shigo shago da wata baƙar leda, ya zauna ya sha shayi, muka yi hirar farashin shadda, sai da zai tafi ya tura min ledar da ƙafa. Rasitai ne na shekara biyu a cukurkuɗe, wasu har da man gyaɗa a jiki. Yace ranar Talatar taku, ƙarfe nawa ne ma?