Wasiƙa daga Ingila: ciwon suga a jikin matasa ba irin na dattawa ba ne

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa na gida. Mu ma'aikatan lafiya ne 'yan arewa da ke aiki a asibitocin Ingila, kuma akwai maganar da muke so ta iso gare ku: ciwon suga nau'i na biyu, wanda aka saba gani a jikin masu shekara hamsin, yanzu yana kama 'yan shekara sha uku da sha biyar. A jikinsu kuma ya fi saurin yin ɓarna.

Lokacin balaga jiki kan rage jin sinadarin insulin, wanda ke daidaita suga a jini, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ƙiba ta haɗu da wannan, ƙwayoyin da ke samar da insulin sai su gaji da wuri. Wani bincike a Amurka mai suna TODAY ya bi yara 699 masu shekara 10 zuwa 17. A sakamakon 2012, kusan rabin waɗanda ke shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai maganin ya kasa riƙe musu suga. Zuwa 2021, suna kusan shekara 26, kashi 60 cikin ɗari ciwon ya riga ya taɓa musu ido ko ƙoda ko jijiyoyi.

Alamar da aka fi yin kuskure a kanta ita ce baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata, mai kauri da laushi. Iyaye mata kan ɗauka dauɗa ce, a yi ta dirzawa da soso. Ba za ta fita ba, domin shaida ce cewa insulin ya yi yawa a jini. Duk yaron da ya kai shekara 10 ko ya fara balaga, yana da ƙiba, kuma akwai mai suga a dangi, ko mahaifiyarsa ta yi sugan juna biyu, ko yarinya ce da al'adarta ke rikicewa, a kai shi gwaji ko da lafiyarsa ƙalau.

Ga lambobin da ake dubawa. Bayan awa takwas ba a ci komai ba, suga 7.0 mmol/L ko sama, wato 126 mg/dL, ciwo ne. HbA1c, wato gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, idan ya kai kashi 6.5 cikin ɗari ko sama ma haka. Idan babu alamomi, sai an maimaita gwajin kafin a tabbatar. Amma ku kula, tunda sikila ta yi yawa a ƙasarmu: ga mai sikila HbA1c ba abin dogaro ba ne, don ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa. A yi masa gwajin sugan jini kai tsaye.

Yaron da ke rama cikin makonni kaɗan, ga ƙishirwa da yawan fitsari, sai amai da numfashi mai zurfi, wannan a garzaya da shi asibiti a ranar. Yana iya zama nau'i na ɗaya, kuma insulin ne ceton ransa, ba jiƙe-jiƙe ba.

Likita kan fara metformin da 500 mg a rana tare da abinci, yana ƙarawa mako-mako har zuwa 2000 mg. Masu fara shan mai yawa lokaci guda su ne zawo da tashin zuciya ke sa su watsar da maganin. Idan HbA1c ya kai 8.5, ana haɗawa da allurar insulin, kuma wannan ba ya nufin ciwon ya fi ƙarfin magani. A duba ido da hawan jini da furotin a fitsari tun ranar da aka gano ciwon.

Kwalbar lemo mai zaƙi ta 50cl na ɗauke da kusan gram 50 na suga, wato iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a yini guda. Zoɓo da kunu da shayin da aka cika wa suga duk lissafinsu ɗaya. Motsa jiki kuwa, awa ɗaya kullum. Sannan a bincika jakar 'yan mata: maganin ƙara ƙiba da ake saya a kemis sau da yawa dexamethasone ne, kuma yana tayar da suga. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Wassalam, daga 'yan'uwanku a Ingila.